Kati ba magani ba ne: zare kan inshorar lafiya a Yauri, Ngaski da Shanga

1/
Jama'a, duk sanda aka tashi yabon inshorar lafiya a Kebbi, adadi ɗaya ake kawowa: mutum nawa aka yi wa rajista. Wannan adadin ya fi kowanne sauƙin samu, kuma shi ne ya fi ƙarancin amfani ga mai naƙuda a gungun tafkin Kainji. Ku biyo ni, zaren yana da tsawo 🧵

2/
Tun farko in faɗa, ina goyon bayan inshorar. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mara lafiya suke fitowa kai tsaye. Mun san fassarar wannan a gidajenmu: a sayar da akuya, a sayar da albasa tun ba ta yi daraja ba, wani lokacin har taru da injin jirgi.

3/
Rigimata tana kan abu biyu. Na farko, ta wace hanya ake biyan asibiti? Na biyu, da wane ma'auni ake cewa tsarin ya yi nasara? Domin yadda ka biya mutum haka zai yi maka aiki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a gonar shinkafa ya san bambancin jinga da biyan yini.

4/
Ɗan tarihi a gurguje. An yi dokar NHIS a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 2005, amma yawancin waɗanda suka ci moriyarta ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Masunci a Wara ko manomi a Shanga, labarinta ma sai dai a rediyo.

5/
Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An fara sa masa kuɗi a kasafin 2018, kusan naira biliyan 55. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, inshora ta zama tilas a takarda. A Kebbi, hukumar KECHEMA ce ke riƙe da ɓangaren jiha.

6/
Dokar 2014 ta raba kuɗin haka: kashi 50 na inshora, kashi 20 magani da rigakafi, kashi 15 gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ma'aikata, kashi 5 agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti ɗaya mai aiki. Kebbi tana da mazaɓu 225.

7/
Ke nan famfo biyu ne ke zuba a ƙaramin asibitin mazaɓarku. Famfon farko kuɗi ne kai tsaye zuwa asusun asibitin don hidimar yau da kullum. An fara da naira 300,750 duk wata uku, wato kusan dubu 100 a wata. Daga baya ma'aikatar Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanar da ƙari.

8/
Famfo na biyu shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke kira kafiteshan. Ni zan kira shi kuɗin kawuna. Ana ƙirga mutanen da aka rubuta a asibitin, a biya wani tsayayyen kuɗi kan kowane kai duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. A ƙa'idar da BHCPF ya fara da ita, naira 570 ne kan kowane kai a wata.

9/
Tsarin yana da hikima, kar a raina shi. Idan asibiti yana samun kuɗi ne bisa yawan allura da ƙarin ruwa da gwajin da ya yi, to kowane zazzaɓi sai ya zama taifod. Mun san wannan wasan. Kuɗin kawuna yana kashe kwaɗayin, yana kuma ba incaji damar sanin abin da zai shigo don ya sayi magani tun kafin damina.

10/
Amma juya shi ka ga ɗaya fuskar. Tunda kuɗin yana shigowa ko an zo ko ba a zo ba, duk mara lafiyar da ya shigo hasara ne a lissafi, duk wanda ya zauna gida riba ne. Ba sai ma'aikaci ya zama mugu ba. Lissafin ne da kansa yake saka wa asibitin da babu kowa a bencinsa.

11/
Mu yi misali da alƙalami. Asibiti biyu, kowanne an rubuta masa mutum 300. Naira 570 sau 300 ya ba da 171,000 a wata. Ɗaya yana cikin garin Yelwa, mutane na zuwa a ƙafa. Ɗayan yana bakin tafki, rabin mutanensa sai sun biya kuɗin jirgi. Kuɗi iri ɗaya suke karɓa.

12/
Na cikin gari maganinsa zai ƙare kafin wata ya raba, ya fara cewa a je kemis a sayo. Na bakin tafki kuɗinsa zai yi rara, don masu katin ba sa iya isowa. A rahoton da zai tafi Birnin Kebbi duka biyun sun yi nasara: mutum 600 suna da inshora. A ƙasa kuwa, a nan babu magani, a can babu marasa lafiya.

13/
Me ya sa nake ta nanata bakin tafki? Domin wannan yanki ba kamar sauran Kebbi yake ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi mutane sama da dubu 40, cikinsu har da Gungawa da yawa. Har yau akwai ƙauyukan da ruwa ne babbar hanyarsu.

14/
Wanda ya manta abin da hanyar ruwa ke nufi, ya tuna 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgin da ya nufo Wara a Ngaski ya nutse, aka rasa mutane masu yawa, Allah ya jiƙansu. Irin wannan jirgin ne motar asibitin mai naƙuda da ƙarfe biyun dare. Katin inshora bai biyan kuɗin man inji.

15/
Ga nauyin cuta. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yara a Kebbi, mafi yawa a duk Najeriya. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafin maleriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara.

16/
Ƙara da tsargiya, wadda duk yaron da ya tashi yana wanka a tafki ya san ta. Ƙara da gudawa lokacin ambaliya. To yaron da zazzaɓi ke kayarwa sau uku ko huɗu a damina, da yaron da ke zaune a unguwar da sauro ya yi sauƙi, a ce kuɗin kansu ɗaya? Haba.

17/
Sannan masunci ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa ya cika yana nan, ruwa ya ja ya bi kifi, wani lokacin har ɓangaren Agwara ko Borgu a jihar Neja. Katinsa kuwa an ɗaure shi da asibiti ɗaya. Watannin da ba ya nan ana biyan wancan asibitin kuɗin kansa, shi kuma yana biyan kemis daga aljihu a inda yake.

18/
Matsala ta gaba: kuɗin kawuna yana tsayawa cak, farashin magani yana gudu. A tsarin tarayya naira 750 aka yi ta biya tun 2012 har zuwa 2024, shekara 12. Sai a 2025 aka kai shi kusan 1,450. Ku tuna yadda farashin magani ya haukace bayan faɗuwar naira a 2023, ku auna da kanku.

19/
Idan kuɗin ya gaza sayen magani, asibiti ba ya rufewa. Abin da yake yi shi ne ya rubuta maka takarda ya nuna maka kemis. Ganin ma'aikaci kyauta, magani da kuɗinka. Daga nan ne kalmar nan ta "katin banza" take fitowa, kuma in ta shiga gari, ba mai sake yarda ya biya kuɗin shiga.

20/
Akwai kuma jinkiri. Mu leƙa maƙwabta. A tsakanin 2005 da 2006 Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa. Mutane suka yi ta zuwa asibiti, abin ya yi kyau. Amma gwamnati ta riƙa jan watanni, har shekaru, kafin ta mayar wa asibitoci kuɗinsu. Ɗakunan magani suka bushe.

21/
Darasin Nijar a bayyane yake: alƙawarin kyauta ba tare da biya kan lokaci ba, ɗora wa ƙaramin ma'aikaci fushin jama'a ne. Shi ake zagi a bakin taga, alhali kuɗin yana can ya maƙale a sama. Don haka ranar da kuɗi ya shiga asusun asibiti ma'auni ce babba, daidai take da yawan kuɗin.

22/
Sai batun tura mara lafiya gaba. Ƙaramin asibiti ba ya tiyata. Jijjiga, zubar jini, doguwar naƙuda, duk sai babban asibiti a Yauri ko Wara, in abin ya fi ƙarfi a kama hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi. A wannan matakin ana biya ne bisa aikin da aka yi, kuma sai da lambar izini daga hukumar inshora.

23/
A nan tambayoyin su ne: wa ke ɗaga waya da dare ya ba da lambar? In babu sabis a ƙauyen fa? Kafin lambar ta zo, ana fara aiki ko ana cewa a ajiye kuɗi? A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Amma sai wadda ta iso da ranta ake yi wa.

24/
Wani zai ce to a daina kuɗin kawuna, a biya asibiti bisa ƙoƙarinsa kawai. An gwada wannan a Najeriya, kuma gwaji na gaske. Shirin NSHIP na Bankin Duniya a Adamawa, Nasarawa da Ondo ya raba ƙananan hukumomi gida biyu: wasu ana biyansu bisa sakamako, wasu ana tura musu kuɗi kai tsaye ba sharaɗin adadi.

25/
Masu karɓar kuɗi kai tsaye rabin abin da ɗaya ɓangaren ke samu ake ba su. Duk da haka sakamakon bai yi nisa da juna ba. Biya bisa sakamako ya fi ƙara yawan haihuwa a asibiti, kuɗi kai tsaye ya yi kyau a rigakafin yara. Babban abin da ya yi aiki shi ne kuɗi ya isa asibiti, kuma asibitin ya samu ikon kashe shi tare da sa ido.

26/
Gana ma ta gwada kuɗin kawuna a yankin Ashanti daga 2012. Asibitoci suka yi ta kukan kuɗin bai isa ba, jama'a suka ga kamar an ware su ne don gwaji, abin ya koma siyasa, aka soke shi a 2017. Tsarin da ba a yi wa mutane bayani ba, kuma ba a gyara farashinsa, ba ya daɗewa.

27/
Sai Shonga ta jihar Kwara, kar a haɗa ta da Shangarmu. A 2007 aka fara inshorar karkara a can da tallafin ƙasar Holan. Sun gyara asibitocin tare da raba kati, kuma sun bi gidaje suna auna sakamako. Bincike ya nuna zuwa asibiti ya ƙaru, hawan jinin masu fama da shi ya sauka. Da kuɗin tallafi ya yanke, shirin ya tsaya.

28/
Abin da ya haɗa waɗannan misalan: mun san abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba ne saboda an auna. An ƙirga kafin a fara, an ƙirga bayan an yi, an kwatanta da wuraren da ba a yi ba. Hoton raba kati a gaban kyamara ba ya cikin wannan aunawa.

29/
To ga ma'aunin da nake ganin ya kamata a sa wa inshorar lafiya a masarautar Yauri, abu biyar:

Ɗaya: cikin masu kati a kowace mazaɓa, nawa ne suka taka asibiti ko sau ɗaya a shekara? A raba lissafin na gari daban, na bakin ruwa da gungu daban.

30/
Biyu: cikin waɗanda suka zo, nawa ne suka fita da maganinsu a hannu ba tare da sun biya ko sisi ba?

Uku: kwana nawa tsakanin ranar da ya kamata a biya asibiti da ranar da kuɗin ya shiga?

31/
Huɗu: cikin mata masu kati da suka yi awo, nawa ne suka haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma?

Biyar: daga lokacin da aka ce a tura mara lafiya gaba, awa nawa ake ɗauka kafin ya isa, kuma nawa ne suka isa?

Duk amsoshin nan suna cikin rajistar asibiti da takardar banki. Ba sai an ɗauko ƙwararru daga waje ba.

32/
Gyaran da nake ba da shawara. Na farko, a bar kuɗin kawuna amma a yi masa nauyi. Kan yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da mai ciki ya fi na saurayi lafiyayye tsada. Asibitin da mutanensa ke ƙetare ruwa ya samu ƙari, da sharaɗin ƙarin ya tafi ga fita zagayen ƙauyuka a jirgi, a rubuce, da ranaku.

33/
Na biyu, a riƙe wani ɗan kaso a biya bisa abin da za a iya tantancewa, musamman haihuwa a asibiti da tura mara lafiya da ya isa. Kaɗan dai, kar ya kai yawan da zai sa a fara cika rajista da sunayen aljanu. Tantancewar kuma a bi gida a tambayi matar da kanta.

34/
Na uku, sufurin gaggawa ya shiga cikin abin da kati ke biya. Akwai sarakunan ruwa, akwai ƙungiyoyin masu jirage a kowace mashiga. A yi yarjejeniya da su: ka ɗauko mai naƙuda da dare, ga kuɗin mai da ladanka cikin mako. Dokar 2014 ta riga ta ambaci sufuri da agajin gaggawa. A bakin Kainji, sufuri jirgi ne.

35/
Na huɗu, kati ya bi mai shi. Masunci ya iya nuna shi a kowane asibitin da ke cikin tsarin a Yauri, Ngaski da Shanga, hukuma ta daidaita lissafi tsakanin asibitocin daga baya. Kebbi da Neja su zauna kan mutanen da ke rayuwa a gaɓa biyu. Tafki ɗaya ne.

36/
Na biyar, ga masu biya da kansu, a karɓi kuɗin shekara lokacin da kuɗi ke hannu: kakar albasa, girbin shinkafa, lokacin da kifi ke kamuwa. Neman manomi ya biya a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, neman ƙi ne. Hukumar HYPPADEC da aka kafa don yankunan madatsun lantarki ita ma tana iya ɗaukar nauyin kuɗin shigar ƙauyukan gaɓa.

37/
Na san abin da za a ce: babu kuɗi. Gaskiya ne kuɗin ba shi da yawa. A Abuja aka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi tun 2001, tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Amma ƙarancin kuɗi ai shi ne dalilin da ya sa ba za mu yarda a riƙa biyan benci babu kowa ba.

38/
Za kuma a ce ina ɗora wa ma'aikatan lafiya laifi. A'a. Mutum ɗaya ko biyu a asibiti, shi ne mai awo, shi ne mai allura, shi ne mai cika fom, ga fargabar tsaro tun abin da ya faru a makarantar Birnin Yauri a Yunin 2021. Bayyana lissafi kariya ce gare shi. In kuɗi bai zo ba, kowa ya san ba shi ya ci ba.

39/
Shi ya sa mafi arhar gyara duka shi ne allo a bangon kowane asibiti, da Hausa, da boko da ajami: mutum nawa aka rubuta a nan, nawa ya shigo wannan watan, ranar da ya shigo, magungunan da mai kati ba ya biya, da lambar ƙorafi. Fenti da alli kawai ake buƙata.

40/
Mu matasa kuma aikinmu bai tsaya a nan ba. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta, kuma shugabansa yana cikin masu sa hannu kan kuɗin asibitin. Ka san naku? Je ka gaishe shi, ka gaishe da incaji, cikin ladabi ka yi tambayoyin nan biyar. Ban ce a je da kyamara ana tozarta mutane ba.

41/
Ka tambayi Inna da Gwaggo a gida: suna da kati? Sun san asibitin da aka rubuta su? Zuwansu na ƙarshe nawa suka kashe? Yawancin masu katin nan ba sa kan wannan dandalin. Mu ne masu waya da data, su ne masu ciwon.

42/
Ga Gwamna Nasir Idris, da KECHEMA, da 'yan majalisarmu na Yauri, Ngaski da Shanga: a rahoto na gaba, bayan adadin rajista a sa mana shafi ɗaya mai amsoshin nan biyar, mazaɓa bayan mazaɓa. In sun yi kyau, mu za mu fara yaɗawa. In ba su yi ba, an san inda za a gyara kafin damina ta dawo.

43/
Wanda ke aiki a ƙaramin asibiti, ko yake da kati a gidansu, ya rubuto abin da ya gani a mazaɓarsu, mai daɗi da mara daɗi, ba tare da kama sunan kowa ba. Musamman mutanen gungu da bakin ruwa. A tura zaren nan guruf ɗin garinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. 🤲